Tabar Kabarin Baba

Tongyeong, 2 ga Afrilu, 1994

Yaya Bok-rye,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki. Ina fata sanyin Jamus ya sake ki, kuma ƙafar nan taki ta daina kumbura in kin taso daga asibiti. Mu nan itatuwa sun yi fure. Matata Gil-ja tana gaishe ki, rumfarta ta busasshen kifi sai godiya. 'Yarmu Yeong-ae ta koma jami'a a Daegu, ta ƙara ƙiba, amma kar ki ce ni na faɗa. Baffa yana ƙauye da ƙarfinsa, har yanzu shi ke yi wa kowa faɗa. Kowa lafiya.

Akwai wani ɗan abu, gara ki ji daga bakina. Watan jiya ina walda a ƙarƙashin wani jirgin ruwa sai na ji kamar an ɗora mini farantin ƙarfe a ƙirji. Na ɗauka abincin rana ne ya tsaya mini. Na fito na kunna taba don ya faɗa, ban san inda na ƙarasa ta ba. Kwana tara na yi a asibiti. Sun zura wata siririyar waya ta cinyata har zuciya suka buɗe jijiyar da ta toshe. Ke nas ce, kin fi ni sanin sunan abin. Yanzu garau nake, sai dai an ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi na sawa ƙarƙashin harshe.

Likita ya ce in daina taba, ko zuƙa ɗaya kar in yi. Yana faɗa ina jin warinta a rigarsa. A ɗakinmu mu shida ne, duk ciwon zuciya. Huɗu a cikinmu kan ja ƙarfen ƙarin ruwansu su tafi bayan matakala su sha. Wani tsoho ya ce mini, "Ƙane, damuwa ce ke kashe mutum. Ka hana kanka taba ka ga in damuwar ba ta riga ta kai ka ba." Ni ban bi su ba, domin Gil-ja ta kafa kujera a bakin ƙofa.

Kada ki tayar da hankalinki.

Ƙaninki,
Du-man

Essen, 13 ga Afrilu, 1994

Du-man,

Na samu wasiƙarka. Ƙafata lafiya, sanyi ya tafi, ka gaida kowa. To, gaisuwa ta ƙare.

Ɗan abu? Sai da ka gama ba ni labarin furanni da ƙibar Yeong-ae sannan ka tuna zuciyarka ta kusa tsayawa? A tsaye na karanta wasiƙar a bakin akwatin gidan waya, sai da na dafa bango. Ka san abin da "kowa lafiya" ke yi mini. Shekara ashirin ke nan da ka rubuto mini kalmomin nan biyu da hannunka, alhali Baba ya kwana goma sha ɗaya a kabari, wai don kar in bar aikina in taho. Tun daga ranar, duk wasiƙar da ta zo daga gida daga ƙasa nake fara karanta ta.

Bari in gaya maka abin da likitanka mai warin hayaƙi bai tsaya ya gaya maka ba. Jijiyar da suka buɗe ba sabuwa suka sa maka ba. Tsohuwar ce, kuma tana iya sake rufewa. Ni nake wanke mutanen da suka ce kara ɗaya ba ya komai. Akwai wanda ya koma gida da ƙafarsa ranar Talata, aka dawo mana da shi ranar Lahadi. Wannan tsohon mai wa'azin damuwa, in ka sake ganinsa ka tambaye shi sau nawa aka kwantar da shi.

Baba yana da hamsin da uku ya faɗi a bakin gona da taba a hannu. Kai yanzu hamsin gare ka. Ina jin tsoro, Du-man, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mu biyu muka rage.

Kar ka ce mini in kira waya. Na kira, ka ce "lafiya lau, Yaya, kuɗi na tafiya," ka miƙa wa Gil-ja. A takarda ne kawai nake iya kama ƙaryarka. Ka rubuto duk wata, ka gaya mini kwana nawa ka yi ba ka sha ba.

Yayarka,
Bok-rye

Tongyeong, 19 ga Yuni, 1994

Yaya,

Ina gaisuwa. Ruwan damina ya kusa, ɗumi ya fara damunmu. Ba zan ce kowa lafiya ba tunda kin hana. Gil-ja na da ƙarfin yin faɗa, Yeong-ae na da ƙarfin neman kuɗin littafi, sai ki auna da kanki.

Yau kwana casa'in da shida. Na shanye alewar garin nan kaf, haƙorina ɗaya har ya fara ciwo.

Na koma aiki, an ba ni duba waldar wasu maimakon in yi da kaina. Abin da ban zata ba shi ne kaɗaici. Ƙarfe goma in aka busa ƙahon hutu, kowa sai ya nufi gindin katanga inda gwangwanin toka yake. A can ake jin wanda za a ƙara wa girma da wanda za a sallama, da wanda matarsa ta yi yaji. Ni sai in zauna kan bokiti da alewa a baki kamar wanda aka kora daga aji. Shekaranjiya shugaban sashenmu ya miƙo mini kara ɗaya a gaban mutane. Kin san ba a mayar da hannun babba. Na karɓa da hannu biyu, na sunkuya, na sa a aljihu, daga baya na jefa a teku. Ya gani. Ya ce, "Kai, Du-man, ashe haka kake da taurin zuciya? Mutumin da ya iya rabuwa da taba, abokinsa ma zai iya yarwa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Har yau abin na cina.

Tun a soja aka fara raba mana ita tare da shinkafa, Yaya. Shekara talatin. Ban san yadda ake gama cin abinci ba tare da ita ba, ban san me ake yi da hannu in ana magana ba.

Na je ƙauye gaida Baffa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni shekarata saba'in, kwali biyu kullum, ga ni nan ina hawa dutse. Ku yaran yanzu likita ya yi tari sai ku kwanta." Na ce haka ne, Baffa. Me zan ce?

Gaskiyar da kike nema ga ta. In ina hawa matakalar jirgi, a kowane taki sai na saurari ƙirjina. Ko gyatsa ce ta taso sai in laluba ƙwayoyin nan a aljihu. Ina tsoron tabar, kuma ina son ta, duk a lokaci guda.

Du-man

Tongyeong, 1 ga Agusta, 1994

Yaya,

Ni ce Gil-ja. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun mai auna kifi ne. Ina fata kina lafiya. Na aiko miki da ƙananan busassun kifin nan da kike so, da ganyen teku na miya, in ma'aikatan kwastan ɗinsu ba su sake buɗewa sun toshe hanci ba.

Baban Yeong-ae bai san na rubuto ba. Jiya ina neman igiya a ɗakin ajiya na buɗe jakar da yake zuba lauje da safar hannu, sai ga kwalin taba sabo fil, da ashana. Ba a ɓare shi ba. Na ƙirga kwanaki, na shinshina rigunansa ɗaya bayan ɗaya, ban ji komai ba. Na mayar da shi yadda na same shi. Da safe na sake dubawa, yana nan a rufe.

Amma mutumin ya canza, Yaya. Sati biyu ke nan ba ya cin abincin kirki. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana wasa lauje, ya wasa ya wasa, har na ce masa aski za ka yi da shi? Bai ko yi murmushi ba. Ya je ya ɗauki hoto da kwat ɗinsa na biki, shi kaɗai, ya kawo ya sa a ƙasan akwati. Kin san irin hoton da mutum ke ɗauka shi kaɗai da kwat.

Na tambaye shi ko ƙirjin ne, ya ce a'a. In na matsa sai ya fita. Ke yake jin tsoro, ni ya saba da bakina. Don Allah ki yi masa magana.

Gil-ja

Essen, 11 ga Agusta, 1994

Du-man,

Ba gaisuwa yau.

An ga kwalin. Kar ka tambayi wa ya gani, kar kuma ka ɗaga wa kowa murya. Wato kwana casa'in da shida da ka rubuto mini, da alewa, da jefa kara a teku, duk don in yi barci ne? Na yi ta nuna wasiƙarka ga abokan aikina ina cewa ƙanena namiji ne. Ashe kana can ka ɓoye guba a cikin jaka kamar ɗan makaranta.

Har da hoto! Ka shirya wa mutuwa tsaf, ka zaɓi kwat, saura ka kunna ashana. In ka yanke shawara ne ka gaya mini ranar, in nemi hutu tun yanzu, domin ba zan sake jin mutuwar wani nawa a takarda ba. Matar da ta kwana tara a kan kujerar asibiti ba ta ci wannan daga gare ka ba. Yarinyar da ba ta gama karatu ba ita ma haka.

Baffa ya kai saba'in, to sai me? Ka tambaye shi ina yayansa yake.

Ka ɗauki kwalin nan ka ba Gil-ja a hannunta yau. In ba za ka iya ba, kar ka sake rubuto mini ƙarya.

Bok-rye

Tongyeong, 22 ga Agusta, 1994

Yaya,

Ni zan gaishe ki ko ba ki amsa ba. Ina fata kina lafiya. Wasiƙarki ta zo, na karanta sau uku, na ji zafi, amma ban ga laifinki ba. Yau kwana ɗari da sittin, ban sha ko zuƙa ɗaya ba. Kwalin ba nawa ba ne. Na Baba ne.

Sau ɗaya kika je kabarinsa, da rani, don haka ba ki taɓa ganin yadda muke yi ba. Kowace shekara, sati biyu kafin Chuseok, bikin girbi, mazan gidanmu kan hau dutse mu yanke ciyawar kaburbura. In mun gama da na Baba sai a shimfiɗa tabarma, a ajiye busasshen kifi da 'ya'yan itace, a zuba masa giyar soju, mu kai goshi ƙasa sau biyu. Daga nan sai a ba shi tabarsa. Baffa ne ya fara tun shekarar farko, ya ce mutumin da bai taɓa gama cin abinci ba tare da ita ba, ba za a bar shi haka a can ba. Babban ɗa ke kunnawa ya ɗora a kan dutsen gaban kabari, mu tsaya har ta cinye. Babban ɗa kuwa ni ne.

Yaya, taba ba ta kamawa sai an zuƙa. Ki gwada ki gani. Ki kanga mata ashana a hannu, baƙi kawai za ta yi ta mutu.

Ga abin da ko Gil-ja ba ta sani ba. Sau biyu na taɓa dainawa. Shekarar da aka haifi Yeong-ae na yi wata biyar. Shekarar da aka yi gasar Olimfik a ƙasarmu na yi wata bakwai. Duka biyun a kan dutsen nan na koma. Zuƙa ɗaya ce, don Baba, ba don ni ba. Amma kwalin da aka ɓare saura goma sha tara a ciki, kuma a aljihuna yake saukowa. Kafin mu iso inda muka ajiye mota na sha biyu. Na san kaina. In hayaƙin nan ya taɓa maƙogwarona, an gama.

Na je na roƙi Baffa ya kunna a madadina bana. Ya ajiye cokalinsa ya ce, "Ɗansa ya mutu ne?" Na ce to a ajiye masa ba a kunna ba. Ya ce, "Kai in an kawo maka ɗanyar shinkafa a kwano, ci za ka yi? Shekara ashirin ubanka yana karɓa daga bakinka. Bana sai ya duba ya ga ɗansa ya fi son ransa da shi?" 'Ya'yansa biyu suna zaune, babu wanda ya ɗaga kai.

Kin ce na shirya wa mutuwa. Ban shirya ba, tsoronta nake ji har cikin ƙashina. Hoton na ɗauka ne don in abin ya zo kar a rasa wanda za a sa a gaban akwatin gawa, a ɗauko na katin aiki da nake kama da ɓarawo. Ranar Lahadi huɗu ga Satumba za mu hau. Ina ƙirga kwanakin yadda na ƙirga na shiga soja.

In kina da dabara ki faɗa, ke ce mai ilimin gidan.

Du-man

Essen, 31 ga Agusta, 1994

Ƙanena,

Ka yafe mini. Yau wasiƙarka ta iso, na zauna a kan matakala na yi kuka har maƙwabciyata ta leƙo. Na zage ka a kan abin da ban sani ba.

Na san wannan ba za ta same ka kafin Lahadi ba, shi ya sa na kira ɗazu. Ka ce "na ji, Yaya, na ji," ka ajiye. Ba ka ji komai ba. To ga shi a rubuce. Kar ka sa ta a baki. Ka ce ni na hana, ka ce likitan Jamus ya hana, ka ɗora mini duk laifin. Baffa ya yi fushi da ni, ina nesa, ba abin da zai same ni. Kada ma ka hau dutsen, hawan kansa bai dace da kai ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Shekaruna huɗu na farko a nan, duk wanda zai je gida sai na ba shi manyan kwalayen tabar Turawa ya kai wa Baba. Yana rubuto mini yadda yake raba wa dattawan ƙauye kara ɗaya ɗaya, yana cewa 'yata ce ta aiko. Ni nas, da farar riga, ni nake aikawa. Na ƙarshe ya isa wata guda kafin ya faɗi. In Baba na bin wani taba, na biya shi har ta yi yawa. Bai kamata a karɓa daga ƙirjinka ba.

Ka kira ni ranar Lahadi da kun sauko. Ni zan biya.

Yayarka

Essen, 14 ga Satumba, 1994

Gil-ja,

Kwana goma ke nan. Na kira gidanku sau goma sha huɗu, wayar na ta ƙara babu mai ɗauka. Na kira ɗakin kwanan su Yeong-ae, wata yarinya ta ce ta tafi gida tun makon jiya, ba ta san dalili ba. Me zai kai ɗaliba gida ana tsakiyar karatu?

Na ba wani majiyyaci maganin wani jiya, Allah ya sa abokiyar aikina ta gani. Na ɗauko akwatina na ajiye a bakin ƙofa.

Ko mene ne, ki faɗa mini shi yadda yake. Kar ki jira sai an gama komai. Ina roƙonki.

Bok-rye

Tongyeong, 17 ga Satumba, 1994

Yaya,

Yana da rai. Na sa wannan a sama don yau ba sai kin fara karatu daga ƙasa ba. Jiya muka dawo daga asibitin Busan, kwana goma sha biyu. Yeong-ae ta ce ta kira ki ɗazu ba ta same ki ba, za ta sake. Amma ba ta san rabin labarin ba, shi ya sa na zauna rubutu. Ki yafe mini shirun. Kullum sai in ce bari gobe in ga yadda zai kwana, kar in gaya miki abu ya canza.

Da kika kira ranar nan ina jin abin da kike faɗa ta cikin wayar, ke ba kya magana a hankali. A nan na gane zancen kwalin. Na tambaye shi, ya faɗa mini duka. Na ce kar ya je, ya ce sai dai in ɗaure shi.

Kin san mata ba sa hawa ranar yankan ciyawa, muna ƙasa muna dafa abinci. Ni kuwa na zuba shinkafa a kwando na ce zan kai musu sama, matar Baffa tana ta kirana ban waiwaya ba. Na iso sun gama yanka. Baban Yeong-ae ya yi fari fat, rigarsa ta jiƙe. Aka shimfiɗa tabarma, aka zuba soju, suka kai goshi ƙasa. Ina gefe da kwandona.

Sai Baffa ya ce, "Du-man, ba shi."

Ya ciro kwalin. Ya kasa ɓare ledar, sai da ya sa haƙori. Ya juya gefe yadda ake yi a gaban manya, ya sa karan a baki. Ya kyasta ashana ta mutu. Ya sake kyastawa ta kama. Yaya, na ga fuskarsa. Tsoro ne a cikinta, amma wallahi har da murna, irin ta wanda ya hango gida bayan doguwar tafiya. Wannan murnar ce ta fi ba ni tsoro.

Ban san lokacin da na ajiye kwandon ba. Na fizge tabar daga bakinsa, na karɓe ashanar, na durƙusa gaban kabarin na ce, "Baba, surukarka ce. Bana daga hannuna za ka karɓa, ka yi haƙuri." Na sa a bakina na ja da ƙarfi, don ban san yadda ake yi ba. Na yi tari har na ga taurari, hawaye da majina duk suka zubo. Amma ta kama. Na ɗora ta a kan dutsen da hannu biyu.

Ni, mace, suruka, da taba a baki a gaban ƙanin surukina, mutumin da mijina mai shekara hamsin bai taɓa bari ya ga hayaƙinsa ba.

Baffa ya ce, "A gabana? A gaban yayana? Wace irin tarbiyya aka yi miki a gidanku?"

Na ce, "Baffa, ta kasuwa ce. Ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama. Amma in ya zuƙi wannan, baɗi kaburbura biyu za ku yi wa aski a nan, kuma ba ku da mai kunna wa ko ɗaya."

Ya ce da baban Yeong-ae, "Kana tsaye matarka na magana?" Shi kuwa idonsa na kan hayaƙin. Baffa ya ɗauki sandarsa ya sauka bai ci abincin ba, 'ya'yansa suka bi shi. Mu biyu muka tsaya har ta cinye. Sauran kwalin na tura cikin zanina, da muka zo rafi na zazzage shi.

A rabin gangara ƙirjin ya kama shi. Ya zauna a kan dutse, na sa masa ƙwaya ƙarƙashin harshe, ba ta yi ba, na sa ta biyu. Na yi ta ihu har ƙaramin ɗan Baffa ya dawo ya goya shi zuwa mota. Likitoci sun ce tsohuwar jijiyar ta fara matsewa, sun sake buɗe ta. Akwai kuma wata ta biyu da ba su gamsu da ita ba, za su duba a watan Disamba.

Kwana biyu bai yi mini magana ba a asibiti. Na ce to, na zubar masa da mutunci a gaban danginsa, sai in haƙura. Rana ta uku ina ɓare masa lemo sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya ɗanɗanonta?" Na ce kamar na lashi gindin tukunyar da ta ƙone. Ya ce, "Asara. An ba wadda ba ta san daɗinta ba." Ya fara dariya, sai ta koma kuka, nas ta shigo ta kore ni waje.

Baffa ya aiko cewa kar in taka gidansa ranar Chuseok. Ban damu ba, na huta da suya.

Gil-ja

Tongyeong, 9 ga Oktoba, 1994

Yaya,

Ina gaisuwa. Sanyin kaka ya shigo, an fara girbin shinkafa. Na ji kin mayar da akwatinki ɗaki, kin kyauta. Ina cin abinci, ina tafiya a bakin teku da safe, a hankali kamar tsoho. Kwana ɗari biyu da takwas. Zan faɗi gaskiya, a kan dutsen na matsa inda iska ke kai hayaƙin na buɗe hanci. In wannan ya karya lissafin, ki gaya mini in fara daga ɗaya.

Ni kaɗai na je ƙauye ranar Chuseok. Baffa bai dube ni ba sai da za a tashi, ya ce, "Baɗi fa?" Na ce, "Baɗi ma ita ce, Baffa, in kuna so Baba ya sha." Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ni. Na tashi na shiga mota.

Ina tsoron Disamba. Wanda muka kwanta gado da gado a Busan, direban tasi, na girme shi da shekara huɗu, an fitar da gawarsa ta ƙofar baya ina kallo.

Bari in gaya miki yadda na yi na kai kwana ɗari biyu, kar ki yi dariya. Ban taɓa ce wa kaina na daina ba. Cewa nake yi na ɗaga. Duk lokacin da marmarin tabar ya taso mini sai in ce, yi haƙuri Du-man, akwai wuri a gefen Baba, in ka kwanta can za a riƙa kawo maka kara ɗaya duk shekara, babu likita, babu Gil-ja a bakin ƙofa. Da wannan nake lallashin kaina. Har na ɗauko takarda shekaranjiya zan rubuta a ajiye tare da hoton, in faɗi irin tabar da nake so.

Ina cikin rubutu Yeong-ae ta shigo da shayi, ta zo hutun ƙarshen mako. Ta ce, "Baba, me kake rubutawa kake murmushi?" Na ɗaga kai na dube ta. Ba ni da ɗa namiji, Yaya. Ita ce za ta durƙusa a kan tabarmar nan. Ita za ta sa a baki ta zuƙa don ta kama, duk shekara, kuma jinina ne a jikinta, da na Baba.

Na ce mata lissafin banza ne. Na yaga takardar.

Saboda haka ga saƙona, ke zan ba don kin fi kowa iya tsawa. In abin ya zo, ko a Disamba ko bayan shekara ashirin, a kawo mini soju da kifi, ya isa. Ko Baffa ya ce me, ko waye ya ce tausayina yake ji, kar a kunna mini. Ki tsaya a kan wannan.

Yanzu ba ni da tabar da nake jira, ko a can. Yau da safe marmarin ya taso mini, na rasa me zan ce wa kaina, sai na zauna a kan hannuwana har ya wuce. Ya ɗauki minti goma sha ɗaya, na duba agogo.

Ki rubuto da wuri.

Ƙaninki,
Du-man